Waiwaye: Yadda Gocewar Shan Haske Zuwa Gajeren Zango Ta Zama Ma'auni a Ilimin Sinadarai

Launin yawancin abubuwa yana samuwa ne daga ɓangaren hasken da ƙwayoyin sinadarinsu suka shanye, domin abin da ke isowa ga ido shi ne ragowar da ba su sha ba. Masana suna bambanta haske da tsawon zangonsa, wato tazarar da ke tsakanin ƙololuwar wata igiyar haske da ta mai bi mata, kuma ana auna wannan tazara da nanomita, kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Idon ɗan Adam yana gani daga kusan nanomita 400, inda shunayya da shuɗi suke, zuwa kusan 700, inda ja yake. Kowace ƙwayar sinadari tana da zangon da ta fi sha, sai dai wannan zango ba a kafe yake ba, yana iya matsawa idan aka taɓa ginin ƙwayar, ko aka sauya ruwan da aka narkar da ita a ciki, ko aka cunkushe ta da 'yan uwanta. Idan matsawar ta nufi gajeren zango, ita ce gocewar da masana ke kira hifsokurom. Tarihinta ya fara ne a masana'antun rini, inda aka ɗauke ta a matsayin dusashewar launi kawai, kafin daga baya ta zama ɗaya daga cikin hanyoyi mafi sauƙi na sanin halin da ƙwayar sinadari take ciki.

Bayan da William Henry Perkin ya samar da rini mai launin shunayya daga kwaltar gawayi a Landan a shekarar 1856, masana'antar rini ta bunƙasa cikin hanzari, musamman a Jamus, kuma tambayar da ta dami masu ita tambaya ce ta kasuwa: me ke sa wani sinadari ya yi launi, wani kuma ya zama fari fat? A 1868 Carl Graebe da Carl Liebermann suka lura cewa sinadarai masu launi suna rasa launinsu idan aka ƙara musu haidurojin, saboda haka suka danganta launi da ɗauri mai ninki biyu da ke tsakanin atom da atom. Abin da suka rubuta a takarda, marina sun daɗe suna ganinsa da idonsu. A karofin Ƙofar Mata da ke Kano, bayan baba da toka sun kwana da kwanaki a rijiya sun ruɓa, ƙyallen da aka tsamo yakan fito da launin kore mai ratsin rawaya, sai iska ta buge shi sannan ya rikiɗe ya koma shuɗi. Shuni yana shan haske a kusa da nanomita 600, shi ya sa ake ganinsa shuɗi, amma a cikin rijiyar ƙwayoyin bakteriya sun sauya shi zuwa siffar da ke narkewa a ruwa, wadda shan haskenta ya koma kusa da 400. Tazarar nanomita 200 ke nan zuwa gajeren zango, kuma iskar oksijin ce ke mayar da ita inda take.

A 1876 Otto Witt ya tsara bayanin da aka daɗe ana aiki da shi. Ya ce a cikin kowane rini akwai rukunin atom da ke ɗauke da launi, akwai kuma wasu rukunai masu taimakawa, irin su amino da haiduroksil, waɗanda su kaɗai ba su da launi amma suna ƙarfafa shi. Marinan zamani na wancan lokaci sun saba jera launuka daga rawaya zuwa ruwan lemo, zuwa ja, zuwa shunayya, zuwa shuɗi, zuwa kore, suna cewa launi yana ƙara zurfi, kuma a 1879 Rudolf Nietzki ya kawo ƙa'idar cewa zurfin yana ƙaruwa da nauyin ƙwayar sinadari. Ƙa'idar ba ta riƙe ba, domin an ga rukunan da idan aka maƙala su nauyi yana ƙaruwa amma launi yana komawa baya wajen rawaya, kamar yadda ake samu idan aka toshe rukunin amino da asetil. A 1892 wani masani mai suna Schütze ya raba rukunan gida biyu, masu zurfafa launi ya kira su batokurom, masu mayar da shi baya kuma hifsokurom, kuma waɗannan sunaye ne suka wanzu har yau.

Duk wannan aiki da ido aka yi shi, ido kuwa ba ya ganin abin da ke ƙasa da nanomita 400. Walter Noel Hartley, wanda ya koyar a Dublin, shi ne ya dage tun ƙarshen shekarun 1870 wajen ɗaukar hoton shan hasken ultrabayolet, wato hasken da zangonsa ya gaza na shunayya, a kan farantan hoto, ya nuna cewa sinadarai marasa launi irin su benzin su ma suna shan haske, a zangon da ido ba ya kaiwa ne kawai. A 1878 kuma August Kundt ya ba da ƙa'ida game da ruwan narkarwa, cewa duk ruwan da ya fi karya haske yana tura shan haske zuwa wajen ja. Ƙa'idar ta yi daidai a wurare da dama, amma ta faɗi a wasu, kuma a ganina wuraren da ta faɗi sun fi amfanar da ilimi fiye da inda ta ci, saboda su ne suka tilasta a nemi dalili.

Dalilin ya zo daga kimiyyar lissafin haske. Ayyukan Max Planck a 1900, da Albert Einstein a 1905, da Niels Bohr a 1913 sun tabbatar da cewa haske yana zuwa ne ƙunshi-ƙunshi, kuma gwargwadon gajartar zango gwargwadon yawan makamashin ƙunshin. Ƙwayar sinadari tana shan haske ne idan makamashinsa ya yi daidai da tazarar da ke tsakanin matakin da ilektron yake zaune da matakin da zai haura. Daga nan ma'anar gocewa zuwa gajeren zango ta fito fili: tazarar da ke tsakanin matakan biyu ta ƙaru, ko dai don matakin ƙasa ya ƙara sauka, ko don na sama ya ƙara hawa. Abin da ya rage shi ne na'ura mai sauƙi, kuma ta samu a 1941 lokacin da kamfanin Arnold Beckman a Kalifoniya ya fitar da na'urar DU, wadda ta sa auna shan hasken ultrabayolet ya zama aikin mintoci. A daidai wannan lokaci Robert Woodward ya fara tsara ƙa'idojin lissafa zangon da ƙwaya za ta sha daga gininta, waɗanda Louis Fieser ya faɗaɗa daga baya.

Ƙa'idojin sun nuna cewa idan ɗauri mai ninki biyu da mai ninki ɗaya suka jeru bi da bi, ilektron yana samun filin yawo, zango yana tsawaita: butadayin yana sha a nanomita 217, heksatirayin a 258, karotin na karas kuma, mai irin wannan ɗauri 11, a kusa da 450. Duk abin da ya katse wannan jeri yana mayar da zango baya. Misalin da aka fi koyarwa shi ne anilin, wanda ke sha a 230 da 280 saboda ilektron biyu da ke kan naitirojinsa suna shiga zoben benzin. Da zarar an zuba asid, haidurojin ya kama waɗannan ilektron biyu, sai shan ya koma 203 da 254, kusan daidai da na benzin tsura, tamkar an cire rukunin amino gaba ɗaya. Haka nan idan aka cusa manyan rukunai kusa da mahaɗar zobba biyu na baifenil, zobban sukan murɗe su daina zama a shimfiɗe, jerin ya yanke.

Inda batun ya fi armashi shi ne tasirin ruwan narkarwa, domin a nan ba a taɓa ginin ƙwayar ba sam. Asiton yana da wani rauni-raunin sha a nanomita 279 idan an narkar da shi a heksen, wani ruwan narkarwa dangin fetur, amma a cikin ruwa na yau da kullum sai ya koma kusan 265. A 1950 Michael Kasha ya fayyace cewa irin wannan sha yana fitowa ne daga ilektron da ke zaune kan oksijin ba tare da ya shiga wani ɗauri ba, Harden McConnell ya yi nazarin tasirin ruwaye a kansa a 1952, sannan a 1955 Kasha da abokin aikinsa Brealey suka nuna rawar da ɗaurin haidurojin ke takawa, wato ɗan riƙon da haidurojin na wata ƙwaya ke yi wa oksijin ko naitirojin na wata. Ƙwayoyin ruwa suna riƙe waɗannan ilektron na oksijin, suna kwantar da matakin ƙasa. Shan haske kuwa yana faruwa cikin ƙiftawar da ta fi motsin atom sauri nesa ba kusa ba, saboda haka ƙwayoyin ruwan ba sa samun damar gyara zama su dace da sabon matakin. Idan aka mayar da tazarar nanomita 14 ɗin nan zuwa makamashi, ana samun kimanin kilojul 23 a kowane mol (mudun da masana ke auna yawan ƙwayoyi da shi), adadin da ya yi kusa da ƙarfin ɗaurin haidurojin guda. Wannan ne ya ba masana hanyar gane irin wannan sha a duk inda suka gamu da shi: a sauya ruwan zuwa mai riƙo, a ga ko zai gudu zuwa gajeren zango.

Daga nan sai aka juya lamarin. Maimakon a yi amfani da ruwa a gane rini, sai aka nemi rinin da zai auna ruwa. Edward Kosower ya kafa irin wannan sikeli na farko da ya karɓu a 1958, amma wanda ya fi shahara shi ne na Karl Dimroth da Christian Reichardt na Jami'ar Marburg a 1963, wanda aka gina kan wani rini da ya zo na 30 a jerin waɗanda suka gwada. A zaune, wannan ƙwaya tana da cajin lantarki a rabe, tabbatacce a kan naitirojin, korarre a kan oksijin, kuma idan ta sha haske rabuwar tana raguwa ƙwarai. Saboda haka duk ruwan da ya iya rungumar caji yana saukar da matakin ƙasa sosai, yana buɗe tazara. Idan aka jera kwalaben gwaji a kan tebur aka ɗiga rinin a cikinsu, na asiton yakan yi kore, na etanol shunayya, na metanol ja, alhali hoda ɗaya ce aka zuba. A lissafi, shan yana tashi daga nanomita 810 a cikin ruwan narkarwa mai suna daifenil-ita, ya sauko 677 a asiton, 551 a etanol, 516 a metanol, har 453 a ruwa, wato ya ratsa duk faɗin hasken da ido ke gani. Da wannan sikeli ake kwatanta ɗaruruwan ruwaye a yau, har ma ana gano ɗan ruwan da ya gurɓata wani sinadari.

Bayan ginin ƙwaya da ruwan narkarwa, akwai dalili na uku, wato cunkoso, wanda likitoci suka riga masana sinadarai gani. A 1878 Paul Ehrlich ya lura cewa wasu ƙwayoyin jiki suna sauya launin rini mai shuɗi zuwa shunayya mai ja, kuma da haka ya gano ƙwayoyin da ake kira mast. Bayanin ya jira har bayan da Edwin Jelley da Günter Scheibe, kowa da aikinsa, suka nuna a 1936 da 1937 cewa ƙwayoyin rini suna iya haɗuwa su sha haske a matsayin gungu. Nasu gungun ya goce zuwa ja ne, amma a shekarun 1960 Kasha ya nuna cewa tsarin jeruwa ne ke yanke hukunci: idan ƙwayoyin suka jeru kai da wutsiya, sha yana tafiya dogon zango, idan kuma suka kwanta fuska da fuska, yana komawa gajere, kuma ƙyallin da suke fitarwa yana dusashewa. Sinadarin hefarin da ke cikin ƙwayoyin mast yana tara ƙwayoyin rini ne ya jera su fuska da fuska.

A jikin halittu ma haka abin yake. Ɓawon lobsta, wato babban jatan lande na teku, yana da duhun shuɗi ne saboda wani furotin da ke riƙe da sinadarin astazantin yana tura shansa zuwa kusan nanomita 630, kuma idan aka dafa shi furotin ya warware, sinadarin ya koma kusan 480, ɓawon ya yi ja. A cikin idonmu kuma, sinadarin rodofsin, wanda Franz Boll ya ga yana kodewa a idon kwaɗo a 1876, yana sha a kusa da 500, amma da haske ya buge shi sai ya koma 380, kuma wannan siffa ce ke tayar da saƙon gani. George Wald na Jami'ar Harvard ya samu kyautar Nobel a 1967 kan aikin da ya yi a wannan fanni.

A ɗakunan bincike an fi kiran abin da gocewa zuwa shuɗi, kuma wannan suna yana rikita ɗalibai. Asiton da ya tashi daga 279 zuwa 265 nesa ya ƙara yi da shuɗi, lobsta kuma da shansa ya matso wajen shuɗi ja ya koma a ido, sannan masana taurari suna da tasu gocewar mai wannan suna wadda motsi ke haddasawa, ba ta da alaƙa da matakan ilektron. Babban abin da nake ganin ya kamata a kiyaye shi ne cewa na'ura tana nuna cewa tazara ta ƙaru ne kawai, ba ta faɗin dalili, kuma ba daidai ba ne mai bincike ya ga sha ya matsa da nanomita 10 ya yanke cewa ɗaurin haidurojin ne ba tare da ya gwada sauran ba. Gwajin kuwa ba shi da tsada. Rinin metilin mai shuɗi yana sha a kusa da 664 idan ƙwayoyinsa suna warwatse, idan kuma ya yi kauri a ruwa sai wani tudu ya taso a kusa da 610 saboda sun haɗu biyu-biyu. Idan aka tsarma shi da ruwa tudun ya sauka, an san cunkoso ne. Idan bai motsa ba, sai a koma a sauya ruwan narkarwa, ko a ɗiga asid, a sake aunawa.