Tsohuwar Hilux mai gas da sanyin hunturu: amsoshin tambayoyin asuba

Da zarar hunturu ya kankama a Disamba, wayata ba ta hutawa daga asuba zuwa hantsi. Masu kiran kusan su ne dai: masu tsofaffin Hilux masu inji samfurin 2L, 3L da 5L, da masu Land Cruiser mai injin 1HZ da ke jigila tsakanin ƙauyuka da kasuwanni. Tambayoyin ma ba sa canzawa. Ga amsoshin a wuri ɗaya, a karanta kafin a kira ni.

Me ya sa take tashi bugu ɗaya da rana, amma da asuba sai an sha wuya?

Injin gas ba shi da filogin tartsatsi irin na fetur. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi, nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Ƙarfen da ya kwana cikin sanyi yana shanye wannan zafin. Shi ya sa aka sa hita, wato ɗan filogin da ke ɗumama cikin inji da wutar batir kafin a tayar.

Dole ne in jira fitilar hita ta mutu?

Dole. Murɗa makulli, ka jira fitilar ta ɗauke, sannan ka buga. In sanyin ya yi tsanani, ka maimaita sau biyu.

Yarona yana fesa maganin sauro a bakin iska, kuma tana tashi. Laifi ne?

Babban laifi ne, kuma wannan ne ya fi ɓata mini rai. Na sha ganin yaran mota sun cire bututun iska, ɗaya yana fesawa, ɗaya yana buga makulli, wani ma tsumma yake jiƙawa da fetur. Abin da ake fesawa yana kamawa tun fistin bai kai sama ba, ga hita ta yi ja a ciki. Wannan ƙarar "kwas-kwas" da kake ji duka ne rin (zoben da ke jikin fistin) da fistin ke sha. Mutane na cewa injin ya saba da feshi. Ba sabo ba ne, lalacewa ce ke ƙaruwa, har ranar da ba zai tashi ba sai da shi. Maigida, ka hana yaronka tun yau.

Batirina sabo ne.

Sabo ne a wane wata? A auna shi. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6 a tsaye, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 10 sosai ba lokacin da kik, wato abin da ke juya inji in an buga makulli, ke juyawa. Duba kawunan batir: in ka ga farin gari ya taru, ko kana iya juya kan da hannu, can wutarka ke tsayawa. Duba wayar da ke zuwa jikin inji ma. Kuma kada ka danne makulli fiye da daƙiƙa 15, ka bar kik ya huta, in ba haka ba za ka ƙone shi.

Ya zan san hita ta mutu?

Kai wa mai rewaya. Huɗu ne a Hilux, shida a 1HZ. Ya cire ƙarfen da ya haɗa su, ya auna ɗaya bayan ɗaya, kuma ya tabbatar wuta na isa gare su, don fitila na iya kamawa a gabanka alhali rile ko fiyus ya mutu.

Na canza hita, batir lafiya, kik na juyawa da ƙarfi, amma har yanzu da safe sai ta ja lokaci. In buɗe inji?

A'a, dakata tukuna. Wannan ba tambayar da zan yanke hukuncinta a waya ba ce, don abubuwa uku ne ke kawo alama iri ɗaya, wani lokaci ma biyu na haɗuwa a mota guda.

Na farko iska ce a hanyar mai. Tiyon roba ya tsufa ya tsattsage, ko robar kan filtar mai ta saki. Mai ba ya ɗiga waje, shi ya sa ba ka gani, amma cikin dare iska na shiga, man ya koma tanki. Gobe da asuba, kafin ka taɓa makulli, buɗe bonet ka danna ɗan famfon hannun da ke saman filta. In ka ji shi laɓo-laɓo, sai ka danna sau da yawa kafin ya yi tauri, sannan motar ta tashi nan take, to mai yiwuwa ka kama ɓarawon. Na ce mai yiwuwa, domin shi kansa famfon hannun yakan zama shi ne ke shan iskar. Sa guntun tiyo mai haske tsakanin filta da injekta, wato famfon da ke tura mai zuwa nozul, ka ga ko kumfa na wucewa. Wani gwajin kyauta: kwanar da motar a gangare, hancinta ƙasa, tanki cike. In ta fi saurin tashi, zargin iska ya ƙara ƙarfi.

Na biyu nozul. In sun gaji, maimakon feshi mai laushi kamar hazo sai su riƙa tsiyayar da mai, kuma mai irin wannan ba ya kamawa a inji mai sanyi. A cire su a gwada a kan na'ura a gabanka. Kada ka yarda a taɓa saitin injekta kafin wannan, don na ga motoci da dama da aka murɗa musu injekta a banza, aka ƙara musu ciwo.

Na uku ne matsin inji. Bari ta ɗumama, ka buɗe murfin baƙin mai tana aiki. In hayaki na bugowa da ƙarfi kamar tukunya, ga kuma shan baƙin mai, to rin sun yi nisa. Amma ko wannan alama ce kawai. Ƙurar hunturu kanta na cin rin in filtar iska ta yage, kuma bawul da ba ya rufewa sosai ma yana zubar da matsi. Ma'auni ne zai raba gardama: a littafin Toyota, injin 3L mai lafiya yana ba da kusan 32 a ma'aunin kg/cm², kuma ƙasa da 20 ya faɗi. In makanikenka bai auna ba ya ce a sauke inji, nemi wani.

Kada hankalinka ya tashi. Yawancin waɗanda suka zo mini da wannan kukan, a kan tiyo da filta muka rabu.

In zuba kananzir a tanki?

A'a. Daskarewar man gas, wadda ake zuba kananzir don hana ta, matsalar ƙasashen ƙanƙara ce. Sanyin Kano ko Zariya ba ya kai wa nan, ko na Jos ma da wuya. Kananzir ba shi da santsin gas, kuma da man da ke ratsa shi injekta ke samun maiƙo. Abin da ya fi damun mu ruwa ne a man bumburutu. Kwance ƙasan filta ka tsiyaye shi.

In hura gawayi a ƙarƙashin inji?

Ƙarƙashin motar da ke ɗigar mai? Kada ka kuskura. Kwanar da ita inda iska ba ta bugun hancinta.

Farin hayaki fa?

In na minti ɗaya ko biyu ne yana warin gas, man da bai ƙone ba ne, zai wuce, amma a duba hita. In ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, kuma ruwan lagireto na raguwa, ajiye motar ka kira makanike.

Wane baƙin mai zan zuba?

15W-40 na injin gas. Mai kauri irin SAE 40 yana yin nauyi da asuba, kik ya riƙa ja da ƙyar. In ta tashi, ka bar ta minti biyu zuwa uku ba tare da taka totur ba, fitilar baƙin mai ta mutu, sannan ka ɗaga a hankali.