Doyar daji ba ciyawa ba ce: amsa ga masu tare ni a Aboabo

Ni malamin gona ne a nan Kumasi. Tun ranar da na ce a daina feshe doyar daji, ba na wucewa ta unguwar Aboabo ba a tare ni ba, kuma tambayoyin ba sa canzawa. Don Allah a karanta wannan tukuna.

Me ake nufi da dangin amfanin gona na daji?

Tsiron da ba wanda ya shuka, amma asalinsu ɗaya da abin da muke nomawa: doyar daji, shinkafar daji, waken gizo. Shi ke nan.

Abin da ba ya cika tukunya, me zai tsinana mana?

Haba jama'a! Rogon da kuke daka sakwara da shi fa? Ciwon da ke nannaɗe ganyensa ya sha kashe gonaki. A shekarun 1930 a Amani ta Tanzaniya aka haɗa rogo da wani ɗan'uwansa na daji ɗan asalin Birazil, aka samu mai jure ciwon, daga baya cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta ɗora a kai. Na daji ba taki, ba feshi, ba ban ruwa, ya saba da wuya. Juriyar nan ake nema.

Ai hukuma tana ajiye iri, ina ruwana?

Tana ajiyewa. Akwai rumbun iri a garin Bunso nan Gana tun 1964, ga na duniya a Norwe da aka buɗe a 2008. Amma ba a isa kowane kurmi ba, kuma masu galamsi, wato masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ba sa jiran kowa. Na ga bakin rafin da doyar daji ke hawa kowace bishiya, bana ba komai sai jar laka.

Na ga doyar daji a gonar kokona. In haƙo in shuka?

Nan sai a hankali. Da farko, wace iri ce? Akwai mai ganye uku-uku a tsinke ɗaya, ta dajin tana da dafi, tana iya kisa. Kada ka ɗanɗana, kada yara su taɓa. Akwai kuma mai ƙaya wadda ke naɗe bishiya, da Asantawa ke kira doyar ƙarƙashin koko. Ita ana ci, 'yar'uwar farar doyarmu ce. Manoma a Jamhuriyar Benin sun daɗe suna mayar da irinta ta gida: su dasa, wasu su sa faffaɗan dutse a ƙasan kunya don kada ta yi tsawo ta nutse, su yi ta zaɓe shekara uku ko fiye. Wani ya dace, wani ya tashi da mai ɗaci ko mai zare, don haka ban yi maka alkawari ba. In za ka gwada, ka yanki kaɗan daga doyar, ka mayar da kan cikin raminsa ka rufe. Kunya biyar ta isa, a gefe guda, ba tsakiyar gonar da iyali ke ci ba. In kuma inuwa ta yi ƙaranci a wurinka, wataƙila ta ƙi. Kada hankalinka ya tashi, uwar tana nan inda ka bar ta.

In ban gane irin ba fa?

Ɗauki hoton ganye da kara, ka kai cibiyar binciken amfanin gona da ke Fumesua. Mota ɗaya ce daga gari, kan hanyar Ejisu.

Za a biya ni in na bar ta?

A'a, Alhaji. Feshi kawai nake roƙo ka tsallake wajen.