Yadda kuɗin talabijin ya sake rabon rukunan wasannin jami'o'in Amurka: tambayoyi da amsoshi

Ranar Juma'a, 4 ga Agustan 2023, jami'o'i biyar suka sanar a yini ɗaya cewa za su bar rukunin wasanni na Pac-12, wanda asalinsa ya faro tun 1915. Kafin wata guda ya cika, jami'o'i biyu kacal suka rage daga cikin 12. Wanda ke bibiyar wasannin Amurka daga nesa zai yi mamakin yadda abin da ya haura shekara ɗari zai watse haka, babu wanda ya faɗi gasa, babu wanda aka kora. Ga tambayoyin da aka fi yi kan lamarin.

Mene ne wannan rukuni, kuma me ya sa jami'a take buƙatarsa?

Hukumar NCAA ce uwar wasannin jami'o'i a Amurka, amma ba ita ke tsara yawancin wasannin mako-mako ba. Jami'o'i ne ke haɗuwa rukuni-rukuni, su yi yarjejeniyar karawa da juna duk shekara, su fitar da zakaransu, su sayar wa gidajen talabijin haƙƙin nuna wasanninsu a dunƙule, sannan su raba kuɗin. A da, maƙwabtaka ce ginshiƙin haɗuwar: Big Ten na jihohin tsakiya ta arewa, SEC na kudu maso gabas, ACC na gaɓar tekun Atlantika, Pac-12 na yamma. Ɗalibai da magoya baya kan shiga mota su je wasan waje su dawo.

Yanzu Big Ten na da jami'o'i 18, daga New Jersey har Kalifoniya. SEC na da 16, Big 12 na da 16, ACC kuma 18.

Wasan ɗalibai ne fa. Ina aka samo kuɗin da har ake rigima a kai?

Daga wasa ɗaya, zari-rugar Amurka, wato American football. Filin Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da 107,000, kuma yakan cika a ranakun Asabar na kaka. Miliyoyi kuma na kallo a gida. Ƙwallon kwando na maza yana kawo nasa, amma bai kama ƙafar zari-ruga ba. Sauran wasanni, irin su ƙwallon raga, iyo, da guje-guje da tsalle-tsalle, galibinsu da kuɗin zari-ruga ake ɗaukar nauyinsu.

Har zuwa farkon shekarun 1980 NCAA ce ke riƙe da haƙƙin talabijin na zari-ruga, ita ke ƙayyade sau nawa za a nuna kowace jami'a. Jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai ta ƙara, a 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta ba su gaskiya da rinjayen alƙalai 7 kan 2. Daga ranar kowane rukuni ya zama mai kayan sayarwa, kuma darajar kayan ta dogara ga jami'o'in da ke cikinsa. Duk hijirar da ta biyo baya daga nan ta samo tushe. SEC ya ɗauki Arkansas da South Carolina, ya kai 12, ya fara wasan ƙarshe na fitar da zakara a 1992, wanda shi kansa haja ne ga talabijin. Penn State ta fara buga zari-ruga a Big Ten a 1993.

Girman kuɗin a yau ya wuce duk abin da masu ƙarar 1984 suka yi zato. A Agustan 2022 Big Ten ya ƙulla yarjejeniyar shekara 7 da gidajen talabijin na Fox da CBS da NBC kan sama da dala biliyan 7.

To ai jami'ar da ta fi iya wasa ita za a nema, ko ba haka ba?

Ba haka ba ne, kuma wannan shi ne abin da ya fi damuna a tsarin baki ɗaya. Mai kallon gasar Firimiya ya san ƙungiya na hawa ko faɗuwa ne da maki da ta samu a fili. A wasannin jami'o'in Amurka babu hawa, babu faɗuwa. Shugabannin jami'o'i ne ke zama su kaɗa ƙuri'a kan wadda za a gayyata, bayan sun ji daga gidajen talabijin nawa za su ƙara idan aka ɗauke ta.

A 2014 Big Ten ya shigo da Rutgers da Maryland. Babu wanda ya ce su ne gwanaye a zari-ruga. Rutgers na daf da birnin New York, Maryland na daf da Washington, kuma tashar Big Ten Network, wadda aka buɗe a 2007 tare da Fox, tana karɓar kuɗi mafi tsoka daga kowane gida mai biyan kuɗin talabijin a yankin da rukunin ke da jami'a. Yawan gidaje aka saya. Da mutane suka fara barin irin wancan talabijin suna komawa kallo ta intanet, ma'aunin ya koma kan suna: wace jami'a ce za ta sa mutumin da bai taɓa taka jiharta ba ya zauna ya kalla? Shi ya sa SEC ya ɗauke Texas da Oklahoma, aka sanar a Yulin 2021, suka shiga a 2024.

Labarin Jami'ar Houston ya isa misali. A can Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, ya buga ƙwallon kwando, ya kai ta wasan ƙarshe na ƙasa a 1983 da 1984. Lokacin tana cikin Southwest Conference. Da rukunin ya rushe a 1996, aka kwashi jami'o'i huɗu na jihar Texas zuwa sabon Big 12, aka bar Houston da Rice da SMU da TCU. Siyasa ma ta sa hannu: gwamnar jihar lokacin da aka ƙulla shirin a 1994, Ann Richards, tsohuwar ɗalibar Baylor ce, ɗaya daga cikin huɗun da aka ɗauka, kuma mutane da yawa na danganta shigar Baylor da irin wannan ƙarfin faɗa-a-ji. Sai a 2023 Houston ta samu shiga Big 12, bayan shekara 27 tana jira a waje.

Lokacin da ƙungiyoyi 12 na Turai suka sanar da gasar Super League a Afrilun 2021, abin da ya tayar da hankalin magoya baya shi ne a ce wasu na da kujera ta dindindin saboda sunansu. Cikin 'yan kwanaki zanga-zanga ta wargaza shirin. Abin da Turai ta ƙi, shi ne Amurka ke rayuwa da shi a wasannin jami'o'inta tun tuni.

Yaya aka yi Pac-12 ya rushe?

Ɓarakar ta daɗe. A 2012 rukunin ya buɗe tasharsa ta talabijin, ya riƙe mallakarta shi kaɗai ba tare da babban abokin tarayya ba, saɓanin Big Ten da SEC. Tashar ba ta taɓa samun shiga DirecTV, babban kamfanin talabijin na tauraron ɗan Adam, ba, don haka miliyoyin gidaje ba sa ganinta. Ga kuma matsalar agogo: wasan da aka fara da ƙarfe 7:30 na dare a Kalifoniya, ƙarfe 10:30 ne a gabashin ƙasar, inda yawancin masu kallo suke. A hankali tazara ta buɗe, har jami'ar Big Ten na karɓar kusan dala miliyan 60 a shekara, ta Pac-12 kuma miliyan 30 da ɗoriya.

Ranar 30 ga Yunin 2022 jami'o'in USC da UCLA, dukansu na Los Angeles, suka sanar za su koma Big Ten. Kasuwa mafi girma ta tafi ke nan, daidai lokacin da kwantiragin talabijin na Pac-12 ke daf da ƙarewa a 2024. Sabon shugaban Big 12, Brett Yormark, bai jira lokacin sabunta nasa ba, ya riga Pac-12 zuwa wurin tashoshin ESPN da Fox, a Oktoban 2022 ya kammala yarjejeniyar da ta ba kowace jami'a kusan dala miliyan 31 a shekara. Shugabannin Pac-12 kuwa suka yi ta jan ciniki suna neman farashin da ya fi haka nesa ba kusa ba, har masu saye suka kashe kuɗinsu a wani wuri.

Da shugaban rukunin, George Kliavkoff, ya kawo tayin ƙarshe a farkon Agustan 2023, na kamfanin Apple ne, na kallo ta intanet, mai tabbacin dala miliyan 20 da 'yan kai ga kowace jami'a, ƙari kuma sai idan masu biyan kuɗin kallo sun yawaita. Colorado ta riga ta fice mako guda kafin nan. Oregon da Washington suka nufi Big Ten, sun yarda da kusan rabin kason da tsofaffin mambobi ke samu. Arizona da Arizona State da Utah suka bi Colorado zuwa Big 12. Ranar 1 ga Satumba, Stanford da Cal (Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley), waɗanda ke bakin tekun Pasifik, suka samu amincewar shiga ACC, rukunin gaɓar Atlantika, kan kaso 30 cikin ɗari na kuɗin talabijin a shekarun farko. SMU ta shiga tare da su, ta yafe kuɗin talabijin na shekara 9, attajiran tsofaffin ɗalibanta suka ɗauki nauyin giɓin.

Abin takaici, kakar ƙarshe ta tsohon Pac-12 na cikin mafi kyawunsa a fili. Washington ta kai wasan ƙarshe na ƙasa a Janairun 2024. Oregon State, wadda aka bari a baya, ta ci wasa 10 a kakar 2022. Abin da ya kayar da ita da Washington State, su biyun da suka rage, shi ne suna ƙananan garuruwa, Corvallis da Pullman.

Me ya faru da waɗannan biyun?

Sun garzaya kotu a jihar Washington don kada masu tafiya su raba dukiyar rukunin su bar musu kango, kuma kotu ta ba su ikon gudanarwa. Da wannan dukiyar suka sake gini: Boise State, Colorado State, Fresno State, San Diego State da Utah State daga rukunin Mountain West, sai Texas State, da Gonzaga wadda ba ta buga zari-ruga, daga 2026. Wato wanda aka yi wa kwasa shi ma ya juya ya kwashi na ƙasa da shi. Mountain West kuma ya janyo UTEP, jami'ar da Blessing Okagbare da Tobi Amusan suka yi gudu a cikinta.

Me ya hana manyan ACC irin su Florida State da Clemson tafiya?

Takardar da suka sa wa hannu. Mambobin ACC sun miƙa wa rukunin haƙƙin talabijin na wasanninsu na gida har zuwa 2036, ko da sun fice. Jami'ar da ta tafi za ta isa sabon rukuni hannu rabbana. A Disamban 2023 Florida State ta ci wasanninta 13 duka, amma aka tsallake ta wajen zaɓen huɗun da za su fafata a gasar zakaran ƙasa, aka ɗauki Alabama da Texas da kowace ta sha kaye sau ɗaya. Cikin watan Florida State ta kai ACC ƙara, Clemson ta bi bayanta a Maris 2024. A Maris 2025 aka sasanta: jami'ar da aka fi kallo za ta samu kaso mafi girma, kuɗin ficewa kuma zai riƙa raguwa shekara-shekara zuwa 2030.

Ɗaliban fa, sun amfana?

Wasu sun amfana, kuma dole a faɗi haka. Shekaru da dama ana juya biliyoyi a kan 'yan wasan da dokar NCAA ta hana a biya su. Daga 1 ga Yulin 2021 aka ba su damar karɓar kuɗin talla da sunansu. A Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhu a ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA, wanda ya tanadi diyyar kusan dala biliyan 2.8 ga tsofaffin 'yan wasa, ya kuma ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye har dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Mafi yawan wannan kuɗin na tafiya ga zari-ruga da ƙwallon kwando na maza. Kuma wannan sabon nauyi ya ƙara wa jami'o'i ƙishirwar kuɗin talabijin.

Waɗanda suka ɗauki wahalar su ne waɗanda ba a yi hijirar dominsu ba. 'Yan zari-ruga wasa 12 suke bugawa a kaka, sau ɗaya a mako, galibi ranar Asabar, a jirgin shata. Yarinyar da ke buga ƙwallon raga a UCLA kuwa tana da wasanni da yawa, wasu a tsakiyar mako, kuma yanzu tafiyarta kan kai New Jersey, kusan kilomita 4,000, da bambancin agogo na awa uku. Ta dawo ta shiga aji, ga jarrabawa na jiranta. Ba a nemi ra'ayinta ba, kuma ita ce ainihin ɗalibar da jami'o'in ke cewa domin ta ake wasannin.

Magoya baya ma sun yi rashi. Texas da Texas A&M, da suka shafe sama da shekara ɗari suna karawa, sun daina bayan 2011, sai a 2024 suka sake haɗuwa. Oklahoma da Oklahoma State, 'yan jiha ɗaya, sun buga na ƙarshe a matsayin 'yan rukuni ɗaya a 2023.

Akwai mafita?

A ƙarshen 2023 Chip Kelly, kocin UCLA na lokacin, ya ba da shawarar a ware zari-ruga ta yi tsarinta na ƙasa baki ɗaya, sauran wasanni su koma karawa da maƙwabtansu. Ina ganin ita ce magana mafi hankali da aka yi a wannan rikici. Misalinta ma na nan: Notre Dame ba ta cikin kowane rukuni a zari-ruga, tana da kwantiraginta da NBC tun 1991, amma yawancin sauran wasanninta na ACC. Cikas ɗin shi ne Big Ten da SEC, waɗanda tsarin yanzu ya fi yi wa daɗi, ba su da dalilin sakin abin da ke hannunsu.

An gama sauye-sauyen ke nan?

Alamu ba su nuna haka ba. An faɗaɗa gasar zakaran ƙasa daga jami'o'i 4 zuwa 12 a 2024, kuma a sabuwar yarjejeniyarta da ESPN, ta kusan dala biliyan 1.3 a shekara daga 2026, Big Ten da SEC ne ke kwashe sama da rabin kuɗin. Kwantiragin talabijin na Big Ten zai ƙare a 2030, na Big 12 a 2031, lokacin da ficewa daga ACC zai yi arha. Jami'o'in da ake ambata a kan gaba wajen zawarci su ne Florida State da Clemson da North Carolina da Miami, kuma idan suka tafi, irin su Wake Forest da Boston College ne za su tsinci kansu inda Oregon State da Washington State suka tsaya a 2023.