Addu'ar da aka jingina wa wanda bai rubuta ta ba

Akwai wata gajeriyar addu'a da ta shahara a ƙasashen Turawa. Mai yin ta yana roƙon Allah ya ba shi natsuwar karɓar abin da ba zai iya sauyawa ba, da ƙarfin halin sauya abin da zai iya, da basirar bambance su. Jamusawa da dama sun daɗe suna cewa Friedrich Christoph Oetinger ne ya rubuta ta, wani malamin addinin Kirista da ya rayu daga 1702 zuwa 1782. Ba shi ba ne.

Mai ita shi ne Reinhold Niebuhr, Ba'amurke ɗan asalin Jamus, wanda ya koyar a Union Theological Seminary, makarantar horar da malaman addinin Kirista da ke New York. A farkon shekarun 1930 ta fito daga bakinsa, sannan ƙungiyar Alcoholics Anonymous, ta masu fafutukar barin giya, ta ɗauke ta a 1941 ta yaɗa ta duniya.

Suna ne ya jawo ruɗanin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani masanin ilimi Bajamushe, Theodor Wilhelm, yana rubutu da sunan aro, Friedrich Oetinger. Da wannan sunan ya saka addu'ar cikin Jamusanci a littafinsa na 1951. Masu karatu suka ga sunan da ba kowa ke da shi ba, suka ɗauka tsohon malamin ne, alhali shi ya rasu shekara 110 kafin a haifi Niebuhr.

Abin yana damuna, domin haƙƙin marubuci ne a san aikinsa da sunansa. Har yau ana buga addu'ar a katuna da sunan Oetinger a ƙarƙashinta.