Kasafin Kuɗin Samar da Ruwa na Yanki

Kasafin kuɗin samar da ruwa na yanki shi ne yadda gwamnati ke ware kuɗi daga baitulmali domin tsarawa da gina ayyukan ruwa da garuruwa da yawa ke amfana da su tare, kamar madatsun ruwa, matatun ruwan sha, manyan bututai da rijiyoyin burtsatse. Ana yin sa a matakin yanki ne saboda kogi da ruwan ƙarƙashin ƙasa ba sa bin iyakar gari ko jiha. Abin da mutanen sama suka ɗiba, na ƙasa ne ke rasa shi.

Kuɗin kan fito ta hanya uku: kuɗin ruwa da jama'a ke biya, harajin gwamnati, da tallafi daga waje. Bashi ba ya cikin lissafin nan, domin komai daɗewa da ɗaya daga cikin ukun za a biya shi. Wani nazarin Bankin Duniya na 2016 ya ƙiyasta cewa ana buƙatar kimanin dala biliyan 114 a kowace shekara wajen gine-gine kaɗai, kafin a cimma burin ruwan sha da tsafta na muradin ci gaba na 6 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi a 2015.

Faransa na cikin ƙasashen da suka fara ɗaure kuɗi da kwarin kogi, wato duk yankin da ruwansa ke malalawa cikin kogi ɗaya. Dokarta ta 1964 ta kafa hukumomin ruwa shida, kowace na karɓar kuɗi daga masu ɗibar ruwa da masu gurɓata shi, sannan ta mayar da shi kan ayyukan kwarin. Tarayyar Turai ta bi wannan tunani a dokarta ta ruwa ta 2000, wadda ta wajabta wa ƙasashe tsara shiri ga kowane kwarin kogi.

Tsarin jihar Texas ta Amurka ya fi nuna yadda shiri ke zuwa kafin kuɗi. Bayan fari mai tsanani, majalisar jihar ta zartar da doka a 1997 wadda a ƙarƙashinta aka raba jihar yankuna 16. Kowane yanki na da kwamitin da ke ɗauke da wakilan manoma, masana'antu, ƙananan hukumomi da masu kare muhalli, kuma duk bayan shekara biyar sai ya hango buƙatar ruwa ta shekara 50 masu zuwa. A 2013 masu zaɓe suka amince a ɗebo dala biliyan 2 daga asusun ko-ta-kwana na jihar a kafa asusun ruwa mai ba da bashi mai rahusa. Sharaɗin a fili yake: aikin da ba ya cikin shirin ruwa na jihar ba ya samun ko kwabo daga asusun. Wannan sharaɗi shi ne ya hana a riƙa raba kuɗin bisa wanda ya fi uwa a gindin murhu. Dokar ta kuma nemi a kai kashi 20 cikin 100 ga tattalin ruwa da sake amfani da shi, kashi 10 kuma ga karkara da noma.

Inda tsarin ya fi rauni a ƙasashe da dama shi ne gyara. Sabuwar madatsa na da bikin buɗewa da hoto a jarida, canza tsohon bututu kuwa ba wanda ke yanka masa kyalle, don haka kasafin kula da kayan aiki shi ake fara zaftarewa. Sakamakon shi ne ruwan da aka tace da kuɗin jama'a yana zurarewa cikin ƙasa, ko a ja shi ta ɓarauniyar hanya, kafin ya kai famfon wanda zai biya. Saboda haka masu ba da bashi kan nemi hukumar ruwa ta nuna yadda za ta biya albashi, wutar lantarki da sinadaran tacewa kafin su saki kuɗin gini.