Harshen Malta ba reshen Italiyanci ba ne

Da yake tsibirin Malta na kusa da tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, kuma akasarin mutanenta Katolika ne, an daɗe ana ɗauka cewa harshensu wani karin Italiyanci ne. Ba haka ba ne. Asalinsa Larabci ne, irin wanda aka yi a Sisili, kuma ya shiga tsibirin Malta bayan Larabawa sun ci tsibirin da yaƙi a 870. Normawa, wasu Turawa Kiristoci, sun karɓe mulki a 1091, daga baya Musulunci ya gushe, amma harshen ya zauna daram a bakin manoma da masunta.

Ka saurari ɗan Malta yana ƙirga: wieħed, tnejn, tlieta, erbgħa, ħamsa. Duk wanda ya zauna a makarantar allo zai gane. A coci ma, Alla suke kiran Ubangiji.

Masu wancan zato suna da ɗan uzuri, don kusan rabin kalmomin aro ne daga Italiyanci da Sisiliyanci, kuma da boko ake rubuta shi. Shekaru aru-aru manyan gari sun raina shi, kotu ma da Italiyanci take aiki. Sai a 1934 ya zama harshen hukuma, tun 2004 kuma yana cikin harsunan aikin Tarayyar Turai.