Waiwaye: Yadda baki ya tsere wa alƙalami a Turanci

Duk wanda ya taɓa zama ajin shifta ya san faɗuwar gaban da ke zuwa idan malami ya ce "rait". Yaro ya riƙe biro ya yi tsuru: write ne, ko right, ko rite? Kunne ba zai raba masa gardama ba, don Baturen Ingila ma furuci ɗaya yake yi wa ukun.

Da ba haka suke ba. A zamanin marubuci Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ana furta kowane baƙi na kalmar knight, wato barde. A fara da k, sannan gh ɗin nan wani huci ne daga cikin baki, mai kama da kh na Larabci. Ba mai rikita ta da night, dare. Jamusanci, ɗan uwan Turanci, har yau yana riƙe da shaida: Knecht (takwarar knight) daban, Nacht (takwarar night) daban. W ɗin write ma ana jin sa. Zuwa ƙarshen ƙarni na 17 duk sun zube daga bakin mutanen Landan, suka bar gawarsu a takarda.

Wasula su ne suka fi yin ɓarna. Daga wajen 1400 zuwa 1700 dogayen wasulan Turanci suka yi ta sauya mazauni, wannan ya matsa, wancan ya hau gurbinsa. A wannan tafiya ce meet da meat, da see da sea, waɗanda kowa ke bambantawa a da, suka haɗe. Abin takaicin shi ne, ana tsakiyar sauyin William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster, a 1476. Rubutu ya fara daskarewa, baki kuwa bai tsaya ba. Da ƙamus ɗin Samuel Johnson ya fito a 1755, sai ya ƙara ɗaure tsohon rubutun tamau.

Aro ma ya zuba nasa. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, kalmomin Faransanci sun kwararo: pair ta iske pear a gida, yau furucinsu ɗaya.

Mu a boko tamu matsalar juyin wannan ce. Ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo suke kama ɗaya a takarda, haka kukan yaro da kukar miya idan an cire musu ɗafi. Sai dai Bahaushe na jin jimla ya gane. Ɗan firamare a Kano ko Katsina kuwa, ana neman ya haddace furucin mutanen da suka mutu shekara 600 da suka wuce, ba tare da an taɓa gaya masa haka ba. Raina yana ɓaci in na tuna bulalar da wasu abokan karatuna suka sha a kan k ɗin knife da know.